Ƙaton Da Ya Koma Ɗalibi

A ƙasar Amurka akwai wani wasa wanda mutanen can suke ƙauna kamar ransu. Suna ce da shi ƙwallon ƙafa, amma wanda ya saba da irin namu, in ya gan shi sai ya riƙe baki, gama da hannu aka fi yinsa. Ƙwallon ma dogo ne kamar gwanda. A wannan wata za mu ba ku labarin wani da ya yi suna cikin wasan nan, wato Reggie White, ɗan wasa kuma mai wa'azi. Abin da ya fi jan hankalinmu gare shi shi ne abin da ya yi bayan ya tuɓe rigar wasa.

Yadda wasan yake

Kowane gefe mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su zarafi 4 su ci gaba da shi yadi 10. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Kafin kowane zarafi, ƙattan gefen nan da na gefen can sukan jeru, su sunkuya fuska da fuska kamar raguna za su yi karo. A bayan layin masu ƙwallo akwai madugunsu, wanda ake miƙa wa ƙwallon ya jefa wa masu gudu. Aikin ƙattansa su tsare shi. Aikin ƙattan ɗaya gefen kuwa, wato 'yan layin tsaro, su ratsa da ƙarfin tsiya su kayar da madugun tun ƙwallo bai bar hannunsa ba. Kowane kaye irin wannan ana rubuta shi, da shi kuma ake auna gwanintar ɗan layin tsaro. Wannan shi ne aikin da Reggie ya ci abinci da shi.

Yaro mai buri biyu

An haife shi ranar 19 ga Disamba, 1961, a garin Chattanooga, Jihar Tenesi. Baƙar fata ne. Kakarsa ta sa hannu ƙwarai cikin renonsa, ita ce kuma ta saba masa da zuwa majami'a. Yana ɗan shekara 12 ya gaya wa uwarsa abu biyu yake so ya zama, ɗan ƙwallo da mai wa'azi. Yana da shekara 17 wata ikkilisiyar Baftis ta naɗa shi mai hidima.

Daga 1980 zuwa 1983 ya yi wasa a Jami'ar Tenesi, inda aka laƙaba masa suna Ministan Tsaro. Akwai ba'a cikin sunan, domin a Turanci kalma ɗaya ce take nufin mai hidimar ikkilisiya da kuma ministan gwamnati. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 5, nauyinsa wajen kilo 135, duk da haka yana da gudu. Yana da wani salo irin na 'yan kokawa: sai ya yi kamar zai bi ta gefe, in abokin karawa ya karkata, sai ya zura masa hannu ɗaya ƙarƙashin hammata ya watsar da shi.

Bayan shekara biyu a garin Memfis, a 1985 ya shiga babbar gasar ƙasar, wadda ake kira NFL, tare da ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya. A shekara 8 ya yi wasa 121, ya yi kaye 124. A 1987 yajin aiki ya rage kwanakin gasa, amma cikin wasa 12 kacal ya kayar da madugai sau 21. Ranakun hutu kuwa akan gan shi a unguwannin matalauta na birnin yana wa'azi a bakin titi.

Tafiya Green Bay

A wancan zamani ɗan wasa ba shi da cikakken iko ya zaɓi inda zai yi aiki, ko da yarjejeniyarsa ta ƙare. Reggie yana cikin waɗanda suka kai ƙarar masu ƙungiyoyi gaban shari'a, sunansa ne ma a kan ƙarar. A 1993 aka sasanta, 'yan wasan da suka daɗe suka sami 'yancin tashi. Nan da nan manyan birane suka shiga zawarcinsa. Shi kuwa ya ce zai tafi inda Allah ya aike shi. Jin haka, mai koyar da 'yan wasan Packers, Mike Holmgren, ya bar masa saƙo a waya cikin raha, wai Allah ne ke magana, ya zo Green Bay.

Green Bay ƙaramin gari ne a Jihar Wiskonsin, mutanensa wajen 100,000, ga tsananin sanyi, baƙar fata kuma kaɗan ne a cikinsa. Can ya tafi, a kan dala miliyan 17 na shekara 4. Ya ce Allah ne ya gaya masa. Waɗansu suka yi murmushi, gama Packers ɗin ne suka fi kowa sakin kuɗi. Ko ta yaya, zuwansa ya sa waɗansu gwanaye suka biyo baya. Ranar 26 ga Janairu, 1997, Packers suka ci Patriots 35 da 21 a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, suka ɗauki kofin da rabonsu da shi shekara 29. Reggie ya yi kaye 3 a daren. Sa'ad da ya bar wasa bayan gasar shekara ta 2000, jimillar kayensa 198, ba wanda ya kai shi sai a 2003 da Bruce Smith ya wuce shi.

Tuntuɓe

Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A Janairu 1996 aka ƙone majami'ar da yake mataimakin fasto a garin Knoxville. Jama'a, musamman mutanen Wiskonsin, suka tara gudummawa mai yawa saboda sunansa. Ba a sake gina majami'ar ba, babban fastonta kuwa aka ɗaure shi a 2000 kan laifin miyagun ƙwayoyi. A Maris 1998 kuma aka gayyaci Reggie ya yi jawabi a majalisar dokokin Wiskonsin. Cikin jawabin ya yi wa kabilu kuɗin goro, yana cewa waɗannan sun iya kaza, waɗancan sun iya kaza. Mutane da yawa suka ji zafi, aikin talabijin da ake shirin ba shi ya kuɓuce.

Komawa makaranta

Da ya huta daga wasa, sai ya zauna ya dubi rayuwarsa. Ya daina hawa bagade yin wa'azi. Ya nemi malami ya fara koyon Ibrananci tun daga baƙaƙe, domin ya karanta Tsohon Alkawari da harshen da aka rubuta shi. Yakan shafe awoyi kowace rana a kan littafi, har ya ziyarci ƙasar Isra'ila. Waɗansu abokansa ba su ji daɗin inda binciken yake kai shi ba, mu ma ba mu ce kowane ra'ayi da ya kama daidai ne ba. Amma ku ji abin da ya faɗa cikin wata hira ta talabijin gab da rasuwarsa. Ya ce masu gayyatarsa wa'azi sunan ɗan ƙwallo suke nema, ba don ya san Littafi sosai ba. Ya ce abubuwa da yawa da ya riƙa cewa Allah ne ya faɗa masa, da ya waiwaya sai ya ga son ransa ne kawai. Mutumin da dubban mutane suke yi wa tafi, bai ji kunyar faɗin haka a gaban duniya ba.

Ranar 26 ga Disamba, 2004, kashegarin Kirsimati, ya rasu a Jihar Karolina ta Arewa yana da shekara 43. Likitoci suka ce bugun zuciyarsa ne ya rikice saboda wata cuta da ta taɓa zuciya da huhu, kuma ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci ya yiwu ya ƙara. Matarsa Sara ta kafa gidauniya don taimakon masu wannan ciwo. In maigida yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa yana dawowa, uwargida ta daure ta sa shi ya ga likita. A 2005 jami'arsa da Eagles da Packers duka suka ajiye lambar rigarsa, 92, ba mai sake sa ta.

Abin tunani a gida

Masu karatu, mu ma mukan yi abin da aka yi wa Reggie. Da mun ga mai suna ko mai kuɗi ya shigo ikkilisiya, sai mu yi maza mu ba shi wurin tsayawa a gaba, tun bai zauna an koya masa ba. Ta haka muke cutarsa, muna cutar masu jinsa. Sau nawa kuma maigida yakan rufe bakin iyalinsa da cewa Ubangiji ne ya nuna masa, alhali kuwa shi ne ya riga ya yanke shawara? Iyaye, in Allah ya ba ɗanku ƙarfi ko wata baiwa, ku ƙarfafa shi, amma ku koya masa tun yana ƙarami ya iya cewa, ban sani ba, ku koya mini. In kun taru addu'ar yamma yau, ku karanta wa yara labarin nan, ku tambaye su wanne ya fi wuya ga Reggie: kaye 198, ko amsa kuskurensa.