Yadda ake yi wa kwamfuta ƙaura tana cikin aiki

Ƴan uwanmu da ke Abijan, Legas, Libiya ko Faransa, kuɗin da kuke aikowa gida ta talho da saƙon murya da ake mayar muku ba a iska suke tafiya ba. Suna bi ta wasu manyan kwamfutoci ne da ake jerawa a ɗakuna masu sanyi, waɗanda ake kira uwar garke. Su ma ƙarfe ne. Fanka na mutuwa, wani sashe na tsufa, dole wata rana a kashe a gyara. To me ya sa ba kullum muke jin an ce yau babu aiki, ana gyara ba?

Amsar tana cikin wata dabara. Uwar garke guda ana iya kasa ta ta zama kamar gidan haya. A ciki akwai ƙananan kwamfutoci goma ko ashirin waɗanda ba su da jiki na kansu, manhaja ce kawai, amma kowacce tana aiki kamar cikakkiyar kwamfuta. Mu kira su ƴan haya. Abin ba sabo ba ne, kamfanin IBM na Amurka ya fara shi tun shekarun 1960. Abin da ya zo daga baya shi ne ɗauke ɗan haya daga wannan gida zuwa wancan ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Kamfanin VMware ya fito da wannan a 2003 da sunan VMotion, Microsoft ya biyo baya a 2009, Google kuma ya saka shi a hidimar hayar kwamfutocinsa a 2013.

Mu ɗauki misalin mai shago a kasuwa da za a mayar wata rumfa. Kayansa ba matsala ba ne, suna rumbu ɗaya da rumfunan biyu ke iya shiga. Haka ake yi wa kwamfutocin: manyan bayanai suna wata ma'ajiya ta daban da gidajen biyu ke gani. Abin wuya shi ne littafin lissafinsa, wanda yake rubutu a ciki kowane lokaci: wane ya biya, wance ta karɓi bashi. Wannan littafi shi ne ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, kuma ba ta tsayawa ko kaɗan.

Sai a zaunar da mai kwafi kusa da shi, ya kwafe littafin shafi bayan shafi, mai shago na ci gaba da ciniki. Kafin ya kai ƙarshe, ai an sake rubutu a wasu shafukan da ya riga ya wuce. Sai ya koma ya kwafi waɗannan kaɗai. A zagaye na biyu ba su kai na farko yawa ba, a na uku sun ƙara raguwa. Idan abin da ya saura ya zama ɗan kaɗan, sai a ce wa mai shago ya ɗaga alƙalami. A kwafe ragowar, a buɗe sabuwar rumfa, a yi shela cewa masu neman wane su bi ta nan. Adireshinsa bai canja ba, saboda haka mai aiko da kuɗi bai ma san an yi ƙaura ba.

Wannan ɗaga alƙalami shi kaɗai ne tsayawar. A 2005 masu bincike na jami'ar Kambirij a Ingila sun gwada da manhajar Xen: sun ɗauke kwamfutar da mutane ke wasa a kanta ta intanet, tsayawar ba ta wuce kashi 60 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya ba. Ƙiftawar ido ta fi wannan daɗewa. Ita kuwa kwafin gaba ɗaya, ya danganta ga faɗin hanya. Ƙwaƙwalwa mai gigabayit 16 za ta ci kamar daƙiƙa 13 a kan waya mai ɗaukar gigabit 10, amma a kan mai gigabit 1 sai ta wuce minti biyu.

Wani lokaci abin kan ƙi. Idan ranar kasuwa ce, mai shago na rubutu fiye da saurin mai kwafi, shafukan ba za su taɓa raguwa ba. A nan ko dai a rage wa kwamfutar gudu da gangan har mai kwafi ya cim mata, ko a juya tsarin: a tura ta sabon gida tukuna, duk shafin da ta nema a aiko mata daga tsohon. Wannan ta biyun tana da sauri, sai dai mu a ganinmu ta fi haɗari. Idan waya ta katse ana tsaka, rabin littafi na can rabi na nan, ba wanda zai iya karanta shi. A hanyar farko kuwa, in an sami matsala, mai shago na nan a tsohuwar rumfarsa. Akwai kuma sharaɗin cewa injinan gidajen biyu su dace da juna. Ba a kan ɗauke ɗan haya yana aiki daga injin Intel zuwa na AMD ba.

Abu ɗaya da ya kamata mu gane, musamman mu da muka saba da ɗaukewar kuran: wannan ƙaura ta gyaran da aka shirya ce. Dole gidajen biyu su kasance a kunne. Idan wuta ta ɗauke kwatsam, babu batir babu injin janareto, abin da ke ƙwaƙwalwar aiki ya tafi, sai dai a tayar da kwamfutar daga farko a wani gidan, a jira minti kaɗan ko fiye. Haka nan ba ta maganin katsewar hanya. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu yana shigowa ne ta wayoyin da suka ratso ƙasashe maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, rezo ya yi rauni a ƙasashe da dama har da tamu, alhali kwamfutocin can waje suna aiki lafiya lau. A irin wannan rana, ko saƙon kuɗi ya makale, kada a yi gaggawar sake turawa. A fara duba ko an riga an cire kuɗin.