Fara a Garka: Kada a Kashe Ta Tare da Masu Cin Ta

Farar da ke cinye zogale da yakuwa da kuɓewa a garkar bayan gida a Barmou ba farar dango ba ce, irin wadda ta afka wa jihar Tahoua a 2004, ta haɗu da ƙarancin ruwa aka shiga yunwar 2005. Waccan sai hukuma da jiragen feshi. Wannan kuwa 'yar gida ce. Da kaka take binne ƙwai a ƙasa, ƙwan ya yi rani a nan, ruwan farko ya ƙyanƙyashe shi. Da an yanke gero, ciyawa ta bushe, sai ta juyo kan koren ganyen da ya rage, wato garka.

Da yawa cikinmu kasuwa muke nufa mu sayo maganin feshi, wani lokaci a kwalbar da ko takarda babu. Fara za ta mutu, ba musu. Amma ƙadangare da kwaɗo da hawainiya da suka ci gawarta su ma sun sha guba, haka ƙudan zuman da ke sa kabewa ta yi 'ya'ya. Shamuwa da balbela, waɗanda ke wuni suna tsintar fara kyauta, ba su tsira ba. Kwana kaɗan wata farar ta taso daga gonaki, ta tarar da garka ba mai tsaro. Abin da ya fi tayar da hankali, akwai masu kwashe farar da aka fesa wa magani su soya, su kai kasuwa. Suya ba ta tabbatar da cewa gubar ta fita.

A ƙaramar garka hannu ya fi kwalba. Da asuba, kafin rana ta ɗumama ta, fara ba ta iya tashi. A kama ta a zuba a buhu, a ba kaji da zabi. Ban da farar tumfafiya mai launi, wadda ke da dafi. Tsohon gidan sauro ya isa ya rufe fangalin da aka yi sabon dashe. Kafin damina a kafce gefen shinge, rana da tsuntsaye su gama da ƙwan.

Sai bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. A daka busassun 'ya'yansa kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu. Ba ya kashe fara nan take, yana dai hana ta ci, shi ya sa marasa haƙuri ke cewa ba ya aiki. A fesa da yamma, bayan zuma ta koma amya, a maimaita bayan mako guda.

Idan fara ta fi ƙarfin gida ta game unguwa, a sanar da malaman gona, a tambaye su maganin Green Muscle. Wani nau'in naman gwari ne da aka gwada a Nijar cikin shekarun 1990, yana kama fara da danginta ya bar tsuntsu da zuma, sai dai yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin a ga tana zuba.