Ciwon Zuciya a Jikin Kare: Inda A Ke Tsimi da Inda Ba A Yi

Duk wanda ya ajiye kare don gadin gida ko farauta ya ɗauki nauyin cinsa da lafiyarsa. Ga shi kuwa maganin dabbobi da tsada, albashin akawu da na malamin makaranta bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ya kamata mu dubi ciwon zuciya, wanda ya ke cin kuɗi ƙwarai, mu ga inda mutum zai yi tsimi ba tare da ya cuci dabbarsa ba.

Ciwon nan yakan zo ta hanya uku. Ƙananan karnuka, in sun tsufa, ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsu na hagu yakan lalace, jini ya riƙa komawa baya. Manyan karnuka kuwa, naman zuciyar ne ya ke saki, ta kasa tura jini. Hanya ta uku ita ce tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗaukowa daga wani kare ya sa wa wani. Takan yi wajen wata 6 kafin ta girma, tsawonta ya kai santimita 30, ta zauna a zuciya da jijiyoyin huhu shekara 5 zuwa 7. Alamun duka kusan ɗaya ne, watau tari, haki, saurin gajiya, kumburin ciki, wani lokaci har suma.

To, babban tsimi yana wajen tsutsar nan, domin ita ce a ke iya tarewa tun ba ta shiga ba. Ƙwaya ɗaya a wata, irin su Heartgard, ta isa, amma sai likitan dabbobi ya fara gwada jinin karen. In aka bari tsutsa ta girma, sai an yi allurai masu tsada, a kuma tsare kare makonni da yawa ba gudu ba tsalle. Kada wani ya ce zai ɗebi Ivomec na shanu ya ba karensa da ƙiyasi. Gaskiya ne sinadarinsu ɗaya, amma na shanu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, akwai kuma jinsin karnukan da ya ke kashewa.

Sauran biyun ba su warkewa, sai dai a lallaɓa su. A 2016 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan karnuka 360 masu ciwon ƙyauren zuciya waɗanda zuciyarsu ta fara girma. Aka ga waɗanda aka ba maganin da a ke kira Vetmedin sun sami jinkirin kusan wata 15 kafin zuciya ta gaza. Sa'ad da ruwa ya taru a huhu kuma, akan ba da Lasix, wanda ke fitar da shi ta fitsari. Shi ne dai wanda mutane ke sha, kamfanoni da yawa suna yinsa da sunaye dabam dabam. Sai maigida ya roƙi likita ya rubuta masa sunan sinadarin da ƙimar da ta dace da nauyin karen, ya saya a kantin magani mai rajista, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. In kare yana barci, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, a rubuta a littafi kowace rana. In ya riƙa wuce 30, a kai shi asibitin dabbobi kafin abu ya yi tsanani. A rage masa gishiri da ragowar miya mai ɗanɗano, kada a bari ya yi ƙiba, kada a raba shi da ruwan sha.

Inda ba a tsimi kuwa shi ne rage ƙwaya, ko tsallake kwana don magani ya daɗe, ko saye a hannun mai talla wanda rana ta gama dukan kayansa. Haka kuma kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, domin yana ɓata masa ƙoda da ciki. Araha ba ta ado. Wanda ya rage magani yau, gobe zai biya ninki a asibiti, watakila ma ya rasa karen.