Turai da Shekara 15? Jita-jitar Filayen Ƙwallo a Jimeta da Yola

Duk inda yara ke taka leda a Jimeta da Yola, daga filayen makarantu har Dandalin Ribadu, ba a rasa mai labarin wani dillali da zai zo daga Legas ya kwashi yara zuwa Turai, muddin iyaye sun haɗa kuɗin fasfo da biza. Wannan ce jita-jitar da ta fi cin dukiyar mutane.

Sashe na 19 na dokar FIFA kan sauya sheƙa ya hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Kuma dokar tana cizo: an hukunta Barcelona a 2014, an hukunta Chelsea a 2019. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, VVV-Venlo ta Holan ta neme shi, amma sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010. Victor Osimhen ya zura 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, bai koma Wolfsburg ta Jamus ba sai Janairun 2017. In waɗannan sun jira, wane ne dillalin da zai tsallakar da ɗan shekara 15 daga Jimeta?

Sai batun rage shekaru. Masu cewa kowa na yi suna da ƙamshin gaskiya, domin an daɗe ana yi. Kuskurensu shi ne zaton har yanzu ana tsira. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a Najeriya FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI, a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. A 2016 yara 26 na Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka faɗi gwajin, Nijar kuma ta fitar da mu. A farkon 2023 Kamaru ta rasa 21 cikin 30. Sai dai kada a ɗauki na'urar ma'asumiya. Girman ƙashi take dubawa, ba ranar haihuwa ba, kuma yaro mai saurin girma yana iya faɗuwa alhali bai yi ƙarya ba.

"Ai ba a ɗaukar ɗan Arewa." Nan ne na fi son a tsaya a tace magana. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ne, Zaidu Sanusi ɗan Jega, Sadiq Umar ɗan Kaduna, kuma Manu Garba na Gwambe ne ya jagoranci yaran da suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013. Abin da ke gaskiya shi ne nisa. Makarantun horar da ƙwallo da masu farautar 'yan wasa sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma ba kowa ke ɗaukar doguwar hanyar Yola don kallon wasan unguwa ba. Adamawa United ta hau babbar gasar ƙasa, ta sauko a 2021, idon da ke kallon jihar ya ƙara raguwa. Amma a bi Binuwai sama zuwa Garwa ta Kamaru. Zafin ɗaya ne, mutanen ma dangi ne, duk da haka Coton Sport, wadda kamfanin auduga na Kamaru ke riƙe da ita, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ta kuma raini Vincent Aboubakar har ya tafi Faransa a 2010. Da kuɗi mai ɗorewa da tsari suka fi mu.

Akwai kuma masu auna koci da yawan gudun da yake sa yara. Ɗan shekara 11 da aka sa zagayen fili a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Yola, gajiya kawai yake koya. A wannan shekarun taɓa ƙwallo yake buƙata, da wasan mutum huɗu-huɗu ko biyar-biyar, inda dole ya ɗaga kai ya yanke shawara. Wasan unguwa a kan rairayi yana ba da wannan kyauta, ƙarfi kuwa yana zuwa daga baya.

Abin da ba a cika faɗa wa kocin unguwa ba shi ne yana da haƙƙi. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne kulob ɗin ya yi rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma yana cikin takarda da shekarunsa na gaskiya.