Wardi a Tsakar Gida, Baƙon da Ke Bin Sawun Alkama

Itacen wardin da na fara dasawa a Miga bai cika wata uku a duniya ba. A watan Afrilu na sayo shi wurin masu sayar da fulawa na bakin titi a Kano, cikin baƙar leda, da jan fure biyu a kansa. Na riƙo shi a cinya har gida, na haƙa masa rami a gindin katangar da ranar yamma ke duka, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Kafin kwana goma bakin ganyen ya ƙone, kai ka ce wuta aka gifta masa. Abin da rana ta bari kuma ruwan farko na watan Yuni ya zo ya kwanta a ramin ya ƙarasa. Da na tumɓuke shi, saiwar ta yi baƙi, tana wari.

Gwaggona ta dubi gawar itacen ta ce, "Kai ɗan nan, wa ka taɓa gani ya shuka alkama da bazara? Abin ƙasar sanyi ai lokacin sanyi ake jira masa." Ita ba ta taɓa renon wardi ba, amma duk abin da na koya daga baya bai wuce fassarar wannan magana tata ba.

Sunan ma baƙo ne, daga Larabci muka aro shi, masu sayarwa a birni kuwa ros suke ce masa. Alhazai da yawa sun san ƙamshinsa tun kafin su ga furensa, domin ruwan wardi na cikin abin da ake haɗawa da zamzam idan za a wanke Ka'aba. Wardin Ɗa'ifa da ake ji da shi, a kan duwatsu ake noma shi, inda tudun ƙasa ya haura mita 1,800, ana tsinkarsa da sassafe a watannin Maris da Afrilu kafin rana ta kwashe ƙamshin. Sai an tara kimanin tan uku zuwa huɗu na fure kafin a tatsi kilo ɗaya na mansa, shi ya sa turaren wardi na gaske ba ya araha. Gonakin Kenya da ke cika kasuwannin Turai da wardi suna bakin tafkin Naibasha, su ma kusan mita 1,900 sama da teku. A Najeriya kuwa inda ya fi sakewa shi ne Jos. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su: rana mai haske, dare mai sanyi.

Kwarin Haɗejiya bai kai mita 400 ba, zafin bazara kuma kan haura digiri 40. To amma muna da wata uku zuwa huɗu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da yanayinmu ke ara mana irin na waɗancan duwatsu. Da su manoman rani na Auyo da Miga da Ringim ke fitar da alkama da tumatir. Wardi ma a nan amfanin rani ne. Littattafan Turawa za su ce maka a datse shi a ƙarshen hunturu, ya yi fure da zafi, domin su ƙanƙara ce abokiyar gabarsu. Mu namu a juye yake: hunturu ne lokacin shagalinsa, bazara da damina kuwa lokacin lallaɓa shi ne kawai ya rayu.

Saboda haka a dasa shi da kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. A zaɓa masa inda hantsi ke samunsa sosai, kamar awa shida, amma inuwa ta rufe shi bayan azahar. Gefen gabas na ɗaki ko na rumfa ya fi. Kada a kai shi gindin darbejiya don neman inuwa, saiwarta za ta shanye masa ruwa da taki.

Maganar ƙasa ita ce mai tsawo, don nan ne mutanen fadama ke faɗuwa. Ƙasarmu iri biyu ce: yashin jigawa da ba ya riƙe ruwa, da lakar fadama da ba ta sakinsa. Wardi ba ya son ko ɗaya zalla. Yana son danshi, amma in ruwa ya kwanta masa a gindi na ’yan kwanaki, saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe. A haɗa laka da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, kashi ɗaya-ɗaya, a ƙara ɓuntun shinkafa wanda ya kwana biyu, tunda wannan ba ma rasa shi. Taki ya zama wanda ya shekara, ya yi baƙi, ya daina zafi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shi zai yi, ɗanyen taki kuma gara yake kira. Toka da muke watsa wa komai, a yi hattara da ita, domin wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa kashe tsamin take yi, sai ka ga sabon ganye ya fito ɗorawa-ɗorawa.

Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a garuruwan kwarin nan ba sai an ce masa kada ya dasa a rami ba. Ko dai a tayar masa da tudu kamar kunyar dankali, ko a sa shi a tukunya. Ni tukunyar ƙasa na fi so, babba, a huda gindinta, a zuba tsakuwa kafin ƙasa. Bokitin roba baƙi da rabin duro na ƙarfe dafa saiwa suke yi da bazara. Tukunyar ƙasa kuwa gumi take yi, gumin nan yana sanyaya cikinta. Wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, a lokacin yana malami a kwalejin fasaha a Dutse, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ga wanda ya dasa a ƙasa ma akwai dabara: ya binne ƙaramin tulu kusa da itacen har wuya, ya riƙa cika shi da ruwa yana rufe bakin, ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Amfanin tukunya na ƙarshe, in ruwa ya shigo gida sai a ɗora ta kan bulo.

Ban ruwa da safe ake yi, a gindi, a ƙoshar da shi. Yayyafi kullum saiwa yake hanawa nutsewa. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo, wanda a gidajenmu ake juye wa duk abin da ya tsiro a tsakar gida, kashe shi yake yi sannu a hankali.

Ba lallai ne a sayi dashe ba. In maƙwabci na da itacen da ya ga bazara biyu ko uku bai mutu ba, roƙi reshe a wurinsa, ya fi wanda aka sauko da shi daga Jos jiya. A yanko mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, mai ido uku ko huɗu, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin yashi mai danshi a inuwa. Wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. A soka biyar, domin ba duka ke kamawa ba. Wanda ya sayi mai aure kuma, ya lura da kumburin da ke gindinsa inda aka haɗa su. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin na uwar gindin ne, a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi mai furen.

Datsa ita ce ke ba mutane tausayi, ita ce kuwa ke kawo fure, don a sabon reshe wardi ke fure. Da kaka a sa almakashi mai kaifi a cire busassun rassa da waɗanda suka sarƙe a tsakiya, a rage sauran da kamar kashi ɗaya cikin uku, ana yankawa a karkace sama da idon da ke kallon waje. Bayan mako shida zuwa takwas za a ga kan fure. Wanda ya bushe a yanke shi, wani zai biyo. Da bazara ta kama kuwa a ajiye almakashi da taki, a lulluɓe gindin da ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba, a kafa masa zana ta yamma. Furen zai ƙanƙance ya koɗe, wannan ba ciwo ba ne.

Darɓa kan taru a sabon toho, da rani kuma akwai wasu ƙananan jajayen ƙwari da ke saƙa a bayan ganye. A daka ƙwallon darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Baƙin tabon da ke kama ganye da damina, a tsinke ganyen a ƙone. Duk waɗannan wasa ne a kan akuya. Ƙayar wardi ba ta dame ta ba ko kaɗan, cikin minti biyu za ta aske aikin shekara. Kafin a sayo itace a tanadi shinge.

Wanda duk wannan hidima ta yi masa yawa, akwai ƙariya, ’yar gida mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda Turawa ke kira wardin hamada suna sayenta da tsada, ko da yake ba dangin wardi ba ce. Ita da tsakiyar rani take fure, ba ta neman ruwa sai kaɗan. Sai dai ƙaronta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi.

Wardi na biyun da na dasa, reshe ne daga wani gida a Haɗejiya, na soka shi a Nuwamba cikin tsohuwar randar da ta tsage. Furensa ƙarami ne, bai kai na leda kyau ba, amma da asubar Janairu ana jin ƙamshinsa tun daga zaure. Gwaggo ce ke riga ni tsinka, tana shanyawa a faifai cikin ɗaki, wai za ta zuba a turaren wuta.