Kafin ka miƙa takardar nan, sake duba Turancinta

Mai neman aiki kan kai rigarsa wajen mai guga, amma takardar da za ta riga shi shiga ofis sai ya rubuta ta a tsaitsaye. Ya dogara da kwamfuta, tunda Microsoft Word na ja wa kalmar da aka ɓata jan layi. To, a nan gizo ke saƙar.

Jan layin nan harafi yake dubawa. Wanda ya rubuta "pull" alhali "full" yake nufi, ko "pan" a maimakon "fan", ba lallai ya ga wani gargaɗi ba, domin duk kalmomin Turanci ne. Wannan kuwa ciwonmu ne mu Hausawa, saboda bakinmu bai raba p da f ba, kuma hannu na bin baki. Haka "their" da "there", ko "been" da "being".

Akwai kuma kurakuran da kunne ya saba da su har ya daina jin su. "Borrow me your biro" daga kalmar aro ta samo asali; mai bayarwa "lend" yake yi. "Off the light" na buƙatar "switch" ko "turn" a gaba. Ba a cewa "discuss about", ba a ƙara s a "information", "furniture" ko "advice". Sai "my names are", da wasu ke ɗauka ƙwarewa ce, alhali "my name is" ya wadatar ko da sunanka uku ne. Malaman da ke duba takardun WAEC da NECO ba sa yafe irin waɗannan, kuma ba kiredit a Turanci, ba shiga jami'a.

Ba duk abin da ya bambanta da Turancin Ingila ne kuskure ba. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da "okada", "next tomorrow" da "Kannywood". Duk da haka, a takardar hukuma ni dai ba zan rubuta "next tomorrow" ba. Na hira daban, na ofis daban.

Idan ka gama rubutu, ajiye shi ya huce, sannan ka karanta a bayyane, jimla bayan jimla. Kalmar da ka yi shakka, buɗe Oxford Advanced Learner's Dictionary. Alamar U a gefenta na nufin ba a jam'inta ta. Ka kuma zaɓi rubutu ɗaya, "colour" na Ingila ko "color" na Amurka, kada ka gauraya su a shafi guda.