Buhun Wake da Kogon Haƙori

Shekarar da buhun nan mai leda biyu a ciki ya iso garinmu, kawuna bai saki jiki da shi ba, ya ce zai gwada da buhu ɗaya tak. Ina tsakar gida ranar da aka zuba waken. An shanya shi ya bushe ƙayau, in ka tauna ƙwaya sai ta ce ƙas, amma duk da haka ina hango ƙwari jefi-jefi suna yawo a ciki, ga kuma fararen ɗige-ɗigen ƙwansu manne a jikin wasu ƙwayoyin. Na ce, "Kawu, ai da ƙwarin za ku ɗaure shi." Ya ce, "Haka malamin gona ya ce a yi, ɗana. Wai in dai baki ya ɗauru, a bar su da halinsu." Ya danne ledar ciki ya fitar da iska, ya murɗe bakinta, ya lanƙwasa, ya ɗaure tam da roba. Ya yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Aka ɗora a kan katako, aka janye shi daga jikin bango saboda ɓera. Ba a sake kwance shi ba sai da bazara ta yi nisa, wake ya yi tsada a kasuwa. Da aka buɗe, wake na nan fes kamar ranar da aka zuba shi, ƙwarin kuwa sun taru a gindin leda a bushe.

Buhun PICS ke nan, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru da Maraɗi, aka kuma soma yaɗa shi sosai daga 2007. Ba a barbaɗa masa maganin ƙwari ko cokali ɗaya. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, in ta ƙare su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Wannan buhu nake tunawa duk lokacin da na karanta abin da likitocin haƙori suka gano game da kogon haƙori, domin darasin kusan ɗaya ne, kuma su ma sun daɗe suna gardama kafin su karɓe shi.

Mu kan ce tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu turara hayaƙi a baki wai don ta fito. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, masu zama cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Abincinsu sukari: na shayi, na alewa, na lemon kwalba, na biskit. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da haƙori a hankali. Shi haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗakin da jijiya da jini suke. Muddin ɓarnar ba ta kai wannan ɗaki ba, haƙori na da rai, har yana iya ƙara wa kansa katanga daga ciki don ya kare jijiyarsa.

Tun ƙarshen ƙarni na 19, koyarwar wani likita ɗan Amurka, G. V. Black, ita ce ta daɗe tana jan ragamar aikin cike haƙori. A sa inji a ƙwaƙule duk inda ya yi laushi ko ya canja launi har a tarar da tauri, a faɗaɗa ramin ma ya shiga inda bai lalace ba don gudun gaba, sannan a cike. Hankali yana karɓar wannan, kamar yadda hankalina ya ce a tsince ƙwarin wake tukuna. To amma in kogo ya yi zurfi, abin da ya rage tsakaninsa da ɗakin jijiya bai wuce kaurin ɓawon gyaɗa ba. Mai neman ya share komai tas, sau da yawa sai ya huda. Da zarar an huda kuwa, magana ta koma ta kashe jijiya, aiki mai tsada da zirga-zirga, ko ta cire haƙorin ɗungurungum. A mafi yawan garuruwanmu, ta biyun ce ke faruwa.

A 1998 wata likita a jihar Jojiya ta Amurka, Eva Mertz-Fairhurst, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ya ɗauki shekara 10. An bar ruɓar a cikin wasu haƙora, aka dai liƙe samanta da ciko mai kama jikin haƙori ƙam. Bayan shekara goma ruɓar ba ta ci gaba ba. Ƙwayoyin cutar da aka rufe a ciki sun rasa hanyar samun sukari, sai suka lafa.

A nan ya kamata in gyara kwatancen kaɗan don kada in yaudari mai karatu. Ƙwarin wake rashin iska ke kashe su. Su kuwa ƙwayoyin cutar baki, da yawansu ba su damu da iska ba, yunwa ce ke karya su. Abin da ke ɗaya shi ne aikin ɗaurin: a datse hanyar da abin rayuwa ke shiga, a bar lokaci ya yi sauran.

Labarin da ya fi burge ni daga Sikotland ya fito. Wata likitar haƙori mai suna Norna Hall, da ta yi aiki a arewa maso gabashin ƙasar inda yara ke fama da ruɓar haƙori, ta daɗe tana yin wani abu da ba a koyarwa a makaranta a lokacin. In yaro ya zo da kogo a turminsa na yarinta, wanda zai fita lokacin famfara, ba ta yi masa allurar kashe zafi, ba ta kunna inji. Sai ta zaɓi wata 'yar hular ƙarfe daidai girman haƙorin, ta cika ta da siminti na musamman, ta kifa a kai, ta ce wa yaron ya ciza. Shi ke nan. Ruɓar na ciki, an ɗaure mata baki. Da masana na Jami'ar Dundee suka ga bayanan aikinta, sai suka shirya gwaji na ƙa'ida a kan yara 132. Kowane yaro na da turame biyu masu kogo: ɗaya aka sa masa hula, ɗaya aka yi masa ciko irin na kullum. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, domin baki ɗaya ne, abinci ɗaya, goge baki ɗaya, ba a iya cewa wancan yaron ya fi wannan shan zaƙi. A 2011 aka fitar da sakamakon shekara biyar. Haƙoran da suka yi mummunar lalacewa, wato jijiya ta kamu ko ƙurji ya fito, kashi 3 cikin 100 ne a ɓangaren hula, kusan kashi 17 a ɓangaren ciko. Yaran da iyayensu da likitocin ma, akasarinsu hular suka fi so. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara biyar a kan kujerar likita, yana jin ƙarar inji yana sandarewa, ya san girman wannan sauƙi. Da farko yaro kan ji cizonsa ya ɗan tashi, cikin 'yan makonni ya daidaita, kuma ranar famfara hular na fita tare da haƙorin. Wasu iyaye a Turai ƙyallin ƙarfen ke damunsu. Mu da muka saba ganin haƙorin Makka, ban jin wannan zai hana mu barci.

Ga manya ma an gwada. A Danmak da Suwidin, Lars Bjørndal da abokan aikinsa sun raba mutum 314 masu kogo mai zurfi gida biyu, suka buga sakamako a 2010. Waɗanda aka ƙwaƙule musu komai a zama ɗaya, an huda ɗakin jijiya a kusan kashi 29 cikin 100. Waɗanda aka cire musu na sama-sama, aka rufe, aka jira watanni kafin a koma a ƙarasa, kashi 17 da rabi. Sai kuma masu bincike a Barazil, ƙarƙashin Marisa Maltz, suka yi tambayar da ta biyo baya: in ruɓar ta lafa, me ya sa za a koma a buɗe? Suka kwatanta masu komawa zama na biyu da waɗanda aka bar musu ɗan laushin da ke dab da jijiya aka yi cikon dindindin nan take. Bayan shekara biyar, haƙoran da jijiyarsu ke raye kashi 80 ne a ɓangaren zama ɗaya, kashi 56 a ɓangaren zama biyu. Babban abin da ya jawo wannan rata shi ne mutane da yawa ba su dawo zama na biyun ba, cikon wucin gadi ya lalace a bakinsu. Wannan batu namu ne kai tsaye. Matar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye, ta bar yara da maƙwabciya, ta wuni a layi, in zafi ya lafa da wuya ta dawo. Aikin da ake gamawa a zama ɗaya shi ne ya dace da ita. Kawu ma haka ya hana kowa kwance buhun don leƙawa, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce.

A 2021 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje da auna ingancinsu, ta duba bincike 27 a kan wannan batu. Abin da ta samu ya karkata ga cewa a kogo mai zurfi, ƙwaƙule komai ya fi kawo gazawa a kan hanyoyin nan masu barin saura, ko da yake ta ce yawancin binciken ƙanana ne kuma hujjar na buƙatar ƙari. Akwai ma wani babban gwaji a Birtaniya mai suna FiCTION, da ya bi yara sama da 1,000 na kimanin shekara uku, aka buga a 2020. An gwada ciko na gargajiya, da rufewa, da rigakafi kaɗai. A kowane ɓangare, kusan yara huɗu cikin goma sun yi fama da ciwo ko ƙurji. Wannan adadi ya sanyaya min jiki. Yana nufin in ruɓa ta riga ta kama bakin yaro, babu dabarar da ke ba da tabbas, kuma buhu mafi kyau ba ya maye gurbin shanya wake da wuri.

Kafin zuwan leda, kakanninmu da toka suke adana wake a tukunya. Yana fitowa da ƙura, ba kyan gani, amma lafiya lau. Likitanci ma na da tokarsa: wani ruwan magani mai haɗin azurfa da fulorayid, ana kiransa SDF, wanda Japan ta soma amfani da shi tun wajen 1970. Ɗigo ɗaya ake shafawa a kogon da ɗan burushi. Azurfar na kashe ƙwayoyin cuta, fulorayid na ƙarfafa wurin, sai dai inda ya ruɓe yana komawa baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya goguwa. A makarantun firamare na birnin New York an gwada shi a kan yara kusan 3,000, aka buga a 2023: shafawa sau ɗaya ta tsayar da kusan rabin kogunan har shekara biyu. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba, tare da simintin nan na ciko da man goge baki mai fulorayid. Ba ya buƙatar wutar lantarki ko kujera ta musamman, don haka ina ganin ya cancanci gurbi a ƙananan asibitocin karkara, domin hukumar ta ce yara fiye da miliyan 500 a duniya na da ruɓa a haƙoran yarinta.

Sai dai akwai waken da babu buhun da zai cece shi. In ƙwaro ya riga ya mai da shi gari, ko an zuba shi da danshi, ɗaurewa ƙara ɓarna ce. Haka haƙorin da ke tashin mutum cikin dare da zugi ba tare da ya ci komai ba, ko wanda kunci ya kumbura a kansa, ko ƙurji ya fito a dasashinsa yana ɗigar da mugunya. Wannan jijiyarsa ta riga ta kamu, rufe shi kulle wuta ne a ɗaka. Shi ya sa hukuncin na likita ne bayan ya duba, ya gwada jijiyar, in da hali ya ɗauki hoto. Masu tura auduga da man kanumfari ko garin ƙwaya cikin kogo su sani ba rufewa suka yi ba, zafin kawai suka danne, sukari na shiga yadda ya saba. Likitan ma ba barin datti yake yi don ganganci ba: gefen kogon yana share shi har ya tarar da tauri, don ciko ya sami inda zai kama, can ƙasa dab da jijiya ne kawai yake ɗaga hannu.

A shekara ta biyu kawu ya cika buhu shida. Biyar suka fita lafiya. Na shidan ɓera ya yi masa 'yar huda a kusurwa ta ƙasa, wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba, kuma ba wanda ya lura sai da aka ji buhun ya yi ɗumi, ana jin motsi a ciki. Tun daga nan duk wata sai ya zagaya da fitila, yana shafa kowane buhu daga sama har ƙasa. Ciko ma yana tsufa, gefensa na iya tsagewa ba tare da mai shi ya ji komai ba, sai abinci ya soma maƙalewa a wurin ko ruwan sanyi ya fara ratsawa. Likita kan gane wannan cikin minti biyu da ɗan madubinsa, kuma sau da yawa gyaran gefen kawai ake yi, ba sai an fasa cikon gaba ɗaya ba.